Mai Kiwon Sanyi

A Wad Madani, inda rana ke gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi,
aka ɗauke ni aiki, wai za mu kiwata sanyi.
Na yi dariya har rawanina ya warware.
Ni ɗan Maiwurno ne, jikan waɗanda suka taso da ƙafa daga yamma
za su Makka, kogi ya riƙe su.
Sanyin da na sani na randa ne.

Da fari ɗaki ɗaya ne a bayan jami'a,
tsohon ma'ajin irin auduga, ɓeraye ke limanci.
Dokta Sirralkatim ya share shi da hannunsa,
ya rubuta sunan cibiya da shuɗin fenti,
sunan ya fi ɗakin tsawo.

Inji ya zo ta jirgin ƙasa daga bakin teku,
akwati huɗu a takarda, uku a ƙasa.
Abin da ya ɓace, maƙeri Dafa'alla ya ƙera da tagulla,
bai tambayi amfaninsa ba, ya dai karɓi kuɗin shayi.

Ranar da iska ta zama ruwa ina tsaye.
Ɗigo, ɗigo, cikin tulun ƙarfe mai bango biyu,
tana tafasa ba wuta.
Dokta ya tsoma ganyen darbejiya, ya murza,
ya farfashe kamar kwalba.
Ya ce, ɗari da casa'in da shida ƙasa da sifiri, Gwadabe.
Na ce, to, wa zai sha?

Ba a jima ba amsa ta zo a kan jaki.
Likitan dabbobi na neman inda zai ajiye irin bijimi.
Sai asibiti. Sai masu rigakafi.
Sai Dokta Ihlas, ƴar siririya, mai yawan faɗa,
da ƙwayoyin dawa iri ɗari uku a ƙulle cikin ambulan,
kowanne da sunan ƙauyen da tsohuwa ta ba ta.

Ɗaki ya haifi ɗaki.
Ɗalibai suka zo da gashin baki sabon tsiro,
suka tafi da digiri, wasu Jidda, wasu inda ƙanƙara kyauta ce.
Ni na zauna.
Na bar kan ɗan yatsana a bakin famfo shekara ta tara,
na koyi cewa sanyi ma ƙuna yake,
kuma ba ya ba da haƙuri.

Dokta ya so ya sauka ƙasa da haka,
kusa da inda komai ke daina motsi.
Ya rubuta wasiƙa arba'in neman injin.
Ya rasu ana jiran amsar ta arba'in da ɗaya.

Wutar lantarki kuwa kamar baƙo mai fushi.
In ta ɗauke, ni da janareta mu kwana muna tari.

Da harbi ya shigo gari, kowa ya ɗauki abin da zai iya.
Na cika tuluna har wuya, na toshe, na lulluɓe da barguna,
na lissafa da yatsu tara da rabi:
kwana arba'in, in ba a buɗe ba.
Na yi wata goma sha huɗu ban dawo ba.

Ƙofa a karye. An kwashe wayoyi, an bar allo.
Tuluna sun yi ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi.
Ihlas ta zazzage ambulan ɗaya a tafinta,
ba ta yi faɗa ba, abin da ya tsorata ni ke nan.
Muka shuka a bayan ɗakin, muka yi ta ɗebo ruwa.

Goma sha ɗaya suka fito.

Jiya na je kasuwa neman jikan Dafa'alla.
An ce yana gyaran babur yanzu,
amma har yau yana da tagulla.